Bikin okestira na dare ɗaya zai raba yaranmu da ƙwaya?

Tambaya: Malam, ina aiki da wata ƙungiyar matasa a Jos. Mun sami tallafin yaƙi da shaye-shaye, sai wani mai ba da shawara ya ce mu ɗauko makaɗan okestira, wato babbar ƙungiyar masu goge da ƙahoni da ganguna irin na Turawa, daga Legas, mu kama zaure, mu jera yaran da suka daina shan ƙwaya a dandamali. Wai kiɗan zai ratsa zuciyar kowa. Kusan duk kuɗin can zai tafi. Hankalina ya ƙi kwanciya, ina tsoron mu wayi gari ba kuɗi ba sakamako.

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya. Kada ki sa hannu a takardar nan tukuna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sana'a shi ne zancen nan na wai kiɗa shi kaɗai yana gyara mutane. 'Yan kwangilar wayar da kai ne ke yaɗa shi, domin biki yana da hoto, hoto kuma shi ke shiga rahoto. Goge arba'in da ƙahoni da ganguna suna iya sa babban mutum hawaye, wannan gaskiya ne. Amma kiɗan da ba baiti ba ya gaya wa kowa abin da zai yi da hawayen. Wani zai tuna mahaifiyarsa da ta rasu, na kusa da shi yana lissafin bashi, babu wanda ya ji an ambaci kodin ko tiramol. Kuma su wa za su cika zauren? Manyan baƙi da 'yan jarida. Yaron da ke shaƙar sholisho a bayan tasha ko ƙofa mai gadi ba zai bari ya tsallaka ba.

Dubi waɗanda suka fi kowa sanin aikin. A 1999 Daniel Barenboim, jagoran makaɗa ɗan Isra'ila, da Edward Said, masani Bafalasɗine, suka tara matasan makaɗa daga Isra'ila da Falasɗinu da ƙasashen Larabawa a birnin Weimar na Jamus. A 2005 har birnin Ramallah na Falasɗinu makaɗan suka je suka yi wasa. Duk da haka Barenboim ya sha faɗa cewa ƙungiyar ba za ta kawo zaman lafiya ba. Abin da take iya yi yana faruwa ne wajen atisaye, inda mutum biyu da aka rena da ƙin juna suke zaune gaban takardar kiɗa ɗaya, dole kowa ya saurari ɗan'uwansa. To idan shi bai yi wannan alkawari ba, mai shawararku da wane ƙarfin hali yake yi?

Haka shirin El Sistema na koya wa yara kiɗa a Benezuwela. José Antonio Abreu ya fara shi a 1975 da matasa 11 a garejin ajiye motoci a Karakas, kuma ƙarfinsa darasin kullum ne bayan an tashi makaranta, shekara da shekaru. Ko shi ma a 2014 wani mai bincike ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya ƙalubalanci iƙirarin da ake yi kan yadda yake fitar da yara daga talauci.

Inda saƙo ya isa kai tsaye, ido ne ya taimaki kunne. A Cateura, unguwar juji kusa da Asunción ta Faraguwe, yara suna kaɗa babban goge da aka ƙera da durom ɗin mai, ƙanana kuma da gwangwanaye da cokula masu yatsu. Duk wanda ya gani ya san inda yaran nan suke kwana.

Batun jera yaranku a dandamali kuwa, ina roƙonki don Allah ki hana. Yaron da ke ƙoƙarin miƙewa, ki nuna fuskarsa a Facebook da sunan tsohon ɗan ƙwaya, wa zai ɗauke shi aiki gobe, wa zai ba shi 'ya? Tonon silili ne.

Idan kiɗan kuke so, ku ɗauki malami ko biyu na shekara guda, yaran su riƙa zuwa atisaye kowane mako, a haɗa da mai goge da mai kalangu na gari da mawaƙin da zai faɗi maganar da Hausa. In sun ƙware su yi wasa a filin unguwa a matsayinsu na makaɗa, da ma'aikacin lafiya zaune a gefe wanda uwa za ta iya samu ta yi masa magana a asirce.