Jarumin da ba ya faɗuwa ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, na gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan, aiki shiru. Wani abokina ne ya ɗora ni a kan littattafan nan na China da Japan da ake karantawa a waya. Kusan duk tafiyarsu ɗaya ce: talaka fitik, mota ta banke shi, ya farka a wata duniya cikin jikin jariri ko ɗan sarkin da aka raina, iliminsa na baya duk yana kansa. Kafin babi na hamsin ya gagari kowa, wanda ya wulaƙanta shi jiya yau yana durƙusa masa.

Anti, in na fara sai dai in ji kiran assalatu. Na sha makara asuba. Ɗan abin da nake samu a shagon yayana, data da biyan kuɗin buɗe sabon babi ke lashewa. Abin haushi, na san wanda zai yi nasara tun kafin a zare takobi, amma na kasa ajiyewa. Rannan na tsinci kaina ina cewa da ma ni ma a sake mini zubi daga farko. Na tsorata, na yi ta istigfari. Imanina ne ya yi rauni, ko me ke damuna?

Ɗanki daga Gusau

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka. Cewa rai na barin wani jiki ya shiga wani aƙidar Hindu da mabiya Buddha ce, Musulunci bai yarda da ita ba, kai ma ka sani, shi ya sa ka yi istigfari. Fatawa ta malamai ce, ka je ka tambaya. Amma ni asubar da kake makara ta fi tayar mini da hankali.

Kasa ajiye wayar nan ba laifinka ba ne kai kaɗai, haka aka gina abin. Japanawa na kiran irin labarin isekai, wato wata duniya, kuma da yawansu sun fara ne a wani shafin intanet da aka buɗe a 2004, inda kowa ke zuba rubutunsa kyauta. A China kuwa shafin Qidian, wanda ya fara a 2002, shi ya yi fice da sayar da labari babi-babi, kuma Webnovel, manhajar karanta irin labaran nan a waya, ta kamfaninsu ce. Marubuci sai an buɗe babinsa yake samun na tuwo, dole kullum ya saki sabo. Don haka yake yanke labari daidai inda aka ɗaga takobi, don haka littafi ke haura babi dubu, don haka kuma ba ya yarda jaruminsa ya sha kaye, kada masu biya su watse.

Na fahimci daɗin da kake ji. A can, in mutum ya yi wahala yau, gobe zai ga ƙarfinsa ya ƙaru, wani lokaci har da lamba a rubuce. Kai kuwa takardun neman aiki nawa ka aika ko "mun gani" ba a ce maka ba? Wanda aka yi wa haka shekara biyu, ina laifinsa in ya so ganin an durƙusa wa wani irinsa?

Mu ma fa mun yi namu. Muna ƴan makaranta mun karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa har muna haddace shi. Sai dai Iliya ya daɗe a zaune ba ya iya tafiya kafin ƙarfin ya zo masa, kuma littafin siriri ne, ka gama ka rufe. Naka jarumin ba ya tsoron komai, saboda haka kai ma ba ka jin fargaba a kansa. Abokansa ƴan amshin Shata ne, matan kuwa ado kawai, a tara su kamar kwanukan jere. Ka riga ka ƙosa da labarin, ɗana, yatsanka ne bai sani ba.

Ba zan ce ka daina karatu ba. Cire katin bankinka daga manhajar yau ɗin nan. Bayan isha'i ka bar wayar a wajen yayanka har gari ya waye. In za ka karanta, nemi littafin da aka riga aka kammala, ka karanta da rana lokacin da kasuwa ta yi sanyi.

Sannan ka roƙi yayanka ya ware maka kaya iri ɗaya a shagon, ko da omo da sabulu ne, su zama a hannunka. Sayi littafin rubutu, kullum ka rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. Tunda lamba mai hawa kake so, ga ta nan. In wata ya cika ka sake rubuto mini, ka faɗa mini ribar nawa ce, da asuba nawa ka samu cikin jam'i.

Antinka