Igiyar Farquhar ba ta tsinke ba

Ka tambaya ko Peyton Farquhar ya kuɓuta da gaske a gajeren labarin Ambrose Bierce na 1890, "An Occurrence at Owl Creek Bridge". Farquhar mutumin Kudu ne da sojojin Arewa za su rataye a kan gada lokacin Yaƙin Basasar Amurka. Bai kuɓuta ba. Tsinkewar igiya, iyo a rafi, doguwar tafiya zuwa gida, duk a ransa suka faru, daga lokacin da sajan ya ɗauke ƙafa daga katakon da Farquhar ke tsaye a kai zuwa karyewar wuyansa.

Ni ma da farko na yarda ya tsira, sai da na maimaita karatu na ga alamun a fili. Mutumin da ke fama a cikin ruwa wai yana hango launin idon sojan da ke harbinsa daga gada, yana ganin jijiyoyin ganye. Ina aka taɓa haka? Can a hanya harshensa ya kumbura, ƙafarsa ba ta jin ƙasa, to ai jikin ratayayye ke nan. Tarkon kuwa ya riga ya ɗanu tun a gidansa na Alabama: sojan da ya roƙi ruwa ya ba shi labarin gadar har ya kwaɗaita masa ƙona ta, ɗan leƙen asirin Arewa ne cikin kakin Kudu.