Amsa kan kuɗin aikin jariri mai buɗaɗɗen ƙashin baya

Malam, ka tambayi inda ƙanenka manomi zai sami kuɗin yi wa jaririnsa aiki. Allah ya ba shi lafiya. Kada ku jira kaka ku sayar da gero, domin likitoci sun fi son rufe wurin cikin kwana 2 zuwa 3 da haihuwa, kafin ƙwayoyin cuta su shiga. Ku kai shi sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ku karɓi ƙiyasin kuɗi a rubuce, ku miƙa shi ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato. Ku tabbata ƙiyasin ya haɗa da bututun janye ruwan da ke taruwa a kai, domin da yawa daga cikin irin waɗannan jarirai sukan buƙace shi daga baya.