Zan ba 'yan gudun hijira bashin noma, ko in sayi hatsi in ajiye?

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Maiduguri ya rubuto cewa yana da naira miliyan uku. Mutanen garinsu da suka baro sansani suka koma gida sun roƙe shi iri da taki, su biya shi da kaka. Yana tsoron kuɗinsa su nutse.

Alhaji, ka ba su, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Ajiyar hatsin da kake gani kamar tudun mun tsira ma tana da nata ramin: waɗanda suka cika rumbu da masara suna jiran tsada sun ji jiki a 2025 da farashi ya faɗi.

Ka fi karkata ga wake. Akwai irin da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70, ba ya cin taki kamar masara, kuma ba ya tsayi, ka san a wasu garuruwan Borno sojoji kan hana shuka mai tsayi kusa da gari. Gonar da ta yi nisa da gari kuwa, ko ta fi albarka, ka haƙura da ita. Ba mu manta da manoman shinkafar Zabarmari da 'yan Boko Haram suka kashe a gona a 2020 ba.

Ga inda da yawa ke yin kuskure. Ka miƙa wa magidanci kwanon iri a watan Yuni, yara na kuka, tukunya a kife, wallahi rabinsa a cikin tukunyar zai kwana, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Don haka ka haɗa masa da ɗan geron ci. Irin kuma ka kai shi daf da shuka.

Batun biya, ka bi hanyar salam don ka kauce wa riba: ka biya kuɗin wake gaba ɗaya yanzu, su sayi kayan noman da shi, a rubuta kwano nawa, wane iri, wace rana. Malamai sun ce ba a ɗaura shi kan amfanin gona guda, sai ka zauna da malaminka kafin a rubuta. Kada ka karya musu farashi don suna cikin matsi. Wanda aka matse, da kaka wani zai sayar wa a ɓoye.

Ka haɗa su goma-goma, bulama ya shaida. In wake ya zo hannu, ka zuba a buhun PICS mai ɗauri uku, wanda ke hana iska shiga, ƙwari ba za su taɓa shi ba har bazara.