Tambaya da Amsa: Wata Uku Ke Nan Na Kasa Taɓa Gyaran Kundina

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce, kuma ina karatun digiri na biyu. Wata uku ke nan da malamin da ke duba kundin bincikena ya dawo mini da babi na uku. Ranar da na karɓa na leƙa shafin farko, na ga jan biro ko'ina, sai na mayar da shi cikin ambulan na tura ƙasan littattafai, kuma har yau yana nan. Kullum nakan ce sai Asabar idan na sami cikakken lokaci, amma Asabar ta zo in ɓuge da shara da wanki da latsa waya, dare ya yi in kwanta da nauyi a ƙirji. Ni ba raguwa ba ce, domin aikin ɗalibaina ba ya kwana a hannuna. Me ke damuna, kuma yaya zan yi? Daga wata mai karanta wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Na yarda ke ba raguwa ba ce, domin rago ba ya tashi ya share ɗaki don ya guje wa ambulan. Abin da kike gudu shi ne abin da zuciyarki ta ji a lokacin da idonki ya sauka a kan jan biron nan: kunya, da fargabar ko aikin duka ya lalace, da tunanin ko ba ki isa ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa jan ƙafa a kan aiki wata hanya ce da mutum ke bi don ya kwantar da hankalinsa na ɗan lokaci. Da zarar kin ce "sai Asabar", sai ki ji wasai, kuma wannan ɗan sauƙin ne ke koya wa zuciya ta sake faɗin haka a mako mai zuwa.

Ga abin da na lura da shi a wasiƙarki: shafi ɗaya kawai kika gani. Ba ki san ko gyaran goma ne ko ɗari ba, ba ki san nawa ne na waƙafi da harafin da ya faɗi ba, ba ki san nawa ne ke bukatar komawa ɗakin karatu ba. Wata uku kina auna nauyin kayan da ba ki taɓa ɗagawa ba, kuma duk abin da aka rufe aka ƙi dubawa, zuciya ce ke yi masa ƙari kowace rana. Ni kaina na taɓa ajiye wata takardar cikewa ta wurin aiki har mako shida a aljihun tebur, ina kauda kai duk lokacin da na jawo shi neman biro. Ranar da wa'adi ya matse ni na zauna, sai na tarar layuka biyu ne kawai ke bukatar in kira wani in tambaya, sauran duk abubuwa ne da na sani da ka. Kafin a cika awa guda na miƙa ta, ina jin haushin kaina.

Saboda haka aikinki na farko ba gyara ba ne, ƙirga ne. Ki fito da babin, ki ɗauki farar takarda, ki bi shafi bayan shafi kina rubuta kowane gyara da lambar shafinsa, ba tare da kin gyara ko ɗaya ba. Idan kin gama, ki sa alama a kan waɗanda ba za su ci fiye da minti biyu ba. Ina kyautata zaton za ki ga su ne suka fi yawa, domin jan biro yana cika shafi ko da kuwa kalma ɗaya aka zagaye. Waɗanda suka rage, watau masu nauyin gaske, za su zama abubuwa ƙidayayyu masu suna, irin su "a faɗaɗa bayanin yadda aka zaɓi mutanen da aka yi wa tambayoyi", kuma abin da ke da suna ana iya ba shi rana.

Batun Asabar kuwa, ki rabu da shi. Jiran cikakkiyar rana jiran gawon shanu ne ga mace mai aiki da karatu, kuma ko ranar ta samu, faɗinta kansa yana ƙara wa aikin kwarjini. Tun 1955 marubucin nan ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya yi ba'ar cewa aiki yakan kumbura har ya cika lokacin da aka ba shi. Abin da ya fi miki shi ne gajeren lokaci mai iyaka. Francesco Cirillo ɗan Italiya ya yi suna da tsarin minti 25 na aiki da minti 5 na hutu, sai dai a ganina minti 25 ya yi yawa ga wadda ta yi wata uku tana tsoron ambulan. Ki fara da minti 10, kuma idan sun cika kina da iznin tashi. Galibi ba za ki tashi ba. A 1928 wata mai bincike a Berlin, Maria Ovsiankina, ta nuna cewa mutane kan koma da kansu ga aikin da aka katse musu a tsakiya, ko da ba wanda ya ce su koma. Don haka ma yana da kyau ki riƙa tsayawa a tsakiyar gyara mai sauƙi, domin gobe ki sami inda za ki kama.

Sannan ki yanke lokaci da wuri tun yau. Peter Gollwitzer, masani ɗan Jamus, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da takamaiman lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari sake. "Zan yi gyara a wannan makon" magana ce da iska za ta ɗauka. "Gobe da na dawo daga makaranta, kafin in taɓa waya, zan zauna a kan tebur in ƙirga gyaran shafi biyar" magana ce da za ki iya sanin ko kin cika ta. Ki ciro babin daga ƙasan littattafan tun da dare, ki bar shi a buɗe a kan teburin, da biro a kansa.

Wani abu kuma da ba ki faɗa ba amma na hango shi: wataƙila yanzu kunyar malaminki ta fi gyaran nauyi, kina tunanin da wane ido za ki kalle shi bayan wata uku. Wani bincike da Michael Wohl da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya gano cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jinkirin da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage jan ƙafa kafin ta biyu. Zargin kai yana ƙara wa aikin ɗaci, ɗacin kuma shi ne ya kore ki tun farko. Bayan kin yi ƙirgar, ki aika wa malamin gajeren saƙo cikin ladabi, ki ba shi haƙuri a jimla ɗaya, ki faɗa masa ranar da za ki kawo kashin farko na gyaran, sannan ki tambaye shi a kan guda ɗaya ko biyu da ba ki gane abin da yake nufi da su ba.

Idan kuwa kin lura wannan nauyin ya fara shafar barcinki da cin abincinki, ko kin daina jin daɗin abubuwan da kike so a da, to ki ga likita, domin ciwon damuwa kan zo da wannan kama. Ki sake rubuto mana bayan mako biyu ki faɗa mana gyara nawa kika ƙirga.