Amsa: Babur a kan sabuwar kwalta a lokacin sanyi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sabuwar kwalta ta fi aminci ga mai babur a ƙasashen arewa masu tsananin sanyi. Kada kyawunta ya ruɗe ka. Da farko akwai maiƙo a samanta, raɓa ko yayyafi na sauka sai santsi. Ga tsakuwar da ba a share ba a bakin kwana. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 kuwa, robar taya takan yi tauri, riƙonta ya ragu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne siririyar ƙanƙara a kan gada da cikin inuwa, don ba a ganinta a kan baƙar kwalta. Bari taya ta ɗumama tukuna, ka gama taka birki kafin ka shiga kwana.