Rance tsakanin baduku da yaron da yake koya wa aiki

Ɗana, ka ce ɗaya daga cikin yaran da aka damƙa maka a rumfa kana koya musu yankan fata ya nemi rancen naira 20,000, wai mahaifiyarsa ba lafiya, kana tambaya ko ka ba shi.

Abin dubawa na farko ba kuɗin ba ne, bakinka ne. Aikinka a kan yaron nan gyara ne: ka ɗauki jakar da ya ɗinka ka ce ramukan basilla sun karkace, ka sa ya warware, ko ka nuna masa ya yanka fatar akuya ta wajen ciki inda take da laushi, alhali madauri daga gadon baya ake fitar da shi. Ranar da kake bin sa bashi, duk wannan gyaran da wani kunne zai ji shi. Ka ce ɗinkin bai yi ba, shi kuwa ya ji kamar kana cewa ina kuɗina. Daga nan sai ya fara makara, sai ya riƙa zama can ƙarshen tabarma, wata rana ka ji ya koma wata rumfar ba sallama. Ko kuma kai ka fara sassauta masa don kada a ce bashi ne ya sa ka matsa, aikinsa ya lalace. Sauran yaran kuma suna kallo.

Saboda haka in larurar gaskiya ce, ka ciro abin da ba zai dame ka ba, dubu uku ko biyar, ka ce gudummawa ce, ba biya. Sauran a kai maganar wurin maigidan rumfa, shi da uban yaron ko wanda ya kawo shi koyo. Yaro ƙarami ba a ƙulla bashi da shi a ɓoye. In mace ce ɗalibar, wannan ma ba sai an faɗa ba, ta hannun iyayenta kawai.

In dole sai rancen, to a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A sa adadi, ranar bayarwa, yadda za a biya, shaidu biyu. Kada ya wuce abin da yaron ke samu a wata guda na sallama. Wajen cira kuma kada a haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ake ba shi a mako. Wanda ke karɓar 3,000 a cire 1,000, ya tafi da kuɗin abinci da na mota. Ka kwashe duka, gobe zai ci wani bashin a waje, ko hannunsa ya fara zuwa kan guntayen fata.

Kada ka taɓa kuɗin kafin alƙalami da wanda ya ba da aikin timtim ya ajiye, amana ne. Kada ka karɓi wuƙarsa ko basillarsa jingina, da su zai nemo abin biya. Kada kuma ka ƙara masa aikin dare kyauta ko aiken gidanka don yana riƙe da kuɗinka. Malamai sun yi bayani cewa rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne.

Akwai wanda jari yake nema, ba magani ba. Wannan kada ka ba shi tsaba. Bayan Babbar Sallah, lokacin da fatun layya suka wadata a hannun majema, ka yanko masa jemammiyar fata biyu a kan farashin da ka saya, ya ɗinka ya sayar ya kawo.

In lokacin biya ya yi bai samu ba, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Ka kira shi gefe bayan an tashi aiki, ku sa sabuwar rana a gaban shaidun nan. Ranar yayensa kuwa tana nan inda take, ko ya gama biya ko bai gama ba.